Kunne Kafin Ido: Ɗaukar Hoto a Dandalin Kiɗa

    

Sharhinmu na yau kan ɗaukar hoto ne a wurin kiɗa da waƙa. An shirya shi domin sabon shiga, wanda bai daɗe da riƙe kamara ba, da wanda salularsa ce kaɗai kamararsa.

Idan damina ta ja baya, kaka ta shigo, ƙasar Dakoro takan cika da taro. Makiyaya su dawo daga Ingal, inda ake bikin Kur Sale a watan Satumba. Woɗaaɓe su haɗu a dajin arewa domin bikin Gerewol. A cikin gari a ɗaura aure, a yi ajo, a kira makaɗa. Idan sanyi ya shigo a buɗe filin kokawa, ganguna su tashi. Duk inda aka yi irin wannan taro a yau, abu ɗaya ake gani: hannuwa a sama, kowane hannu da salula. Amma idan aka koma gida aka buɗe hotunan, sai murna ta koma ciki. Wannan ya yi dishi-dishi. Wancan ya yi duhu. A wani ma ƙeyar mutum ce ta cika hoton. Mawaƙin da aka je dominsa ya koma kamar ƙwayar gero a can nesa.

Sai saurayi ya ce laifin na'ura ne, da yana da babbar kamara da ba haka ba. To, maganar da sharhin nan zai yi ta nanatawa ita ce: a wurin kiɗa, kunne ke fara ɗaukar hoto kafin ido. Wanda ya san kiɗan, ya san mutanen, ya san inda zai tsaya, ya riga ya yi rabin aikin. Na'ura daga baya take zuwa.

Bari mu fara da ɗan tarihi, domin a ga inda maganar ta samo tushe.

Duniya ta daɗe da sanin fuskokin makiyayan ƙasar nan. A shekarar 1983 wata mai ɗaukar hoto 'yar Amurka, Carol Beckwith, tare da Marion van Offelen, suka fitar da babban littafin hotuna mai suna Nomads of Niger, kan rayuwar Woɗaaɓe. A 1989 mai shirya fim ɗan Jamus, Werner Herzog, ya yi nasa fim ɗin a kansu. Hotunan samari masu fuska da jan ƙasa, da gashin jimina a ka, sun zaga duniya. Aiki ne mai kyau, kuma an sha wahala kafin a yi shi. Sai dai waɗannan baƙi sun tsallako teku ne domin ganin abin da ɗan Dakoro ke isa wurinsa a kan babur. Littattafan suna can a ɗakunan karatu na Turai da Amurka. A nan gida ba kasafai ake ganin su ba.

Yau lamarin ya canza. Kamara ta shiga aljihun ɗan makiyayi da ɗan manomi. Kuma ɗan gida yana da abin da baƙo ba zai saya da kuɗi ba. Ya san harshen. Ya san waƙar tun yana goye. Ya san wane ne dattijon da ake gaisarwa kafin a shiga fili. Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Saura ɗan gida ya koyi amfani da idon da yake da shi.

To, mu shiga cikin fili. Me ake nufi da cewa kunne ke fara ɗaukar hoto?

A dubi mai kalangu. Kalangun na rataye a kafaɗarsa, yana ƙarƙashin hammata. Hannu ɗaya na riƙe da gula. Ɗayan na kan tsarkiya, yana matsawa yana saki, kalangun na sauya murya. Yawancin lokaci kansa a sunkuye yake, jikinsa na rawa. Wanda ya danna a nan, hular makaɗin kawai zai samu. Amma akwai lokacin da mawaƙi zai kai ƙarshen ɗango, 'yan amshi su karɓa, mai kalangu ya ɗaga kai ya dubi ubangidansa, gula ta tsaya a sama kamar ƙiftawar ido kafin ta sauko. Gumi na gangarowa ta gefen kunnensa. Bakinsa a buɗe. Nan hoton yake. Wanda ya san waƙar ya san wannan lokaci na tafe, domin ya ji shi tun kafin ya iso. Yatsansa na kan maɓalli yana jira. Wanda bai san waƙar ba sai ya gani sannan ya danna, kuma kafin ya danna abin ya wuce.

Haka yake ga kowane kayan kiɗa. Mai algaita kumatunsa kan cika fam idan ya ja dogon sauti, kuma yakan daɗe a haka, ya ba mai hoto sarari. Mai kakaki yakan ɗaga shi sama kafin ya busa; a jira ɗagawar. Mai goge kuwa, labarinsa na kan yatsun hagu da ke bin izga, da yadda yake lumshe ido. Tsofaffin da suka ga marigayi Ɗan Gurmu na Tawa, wanda gasar waƙa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa, sun san abin da goge ke yi wa fuskar mai shi. Rawa ma tana da wurin tsayawa. Mai tsalle idan ya kai ƙololuwa, jikinsa kan tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya sauko. A nan hoto ke fita tas, ko da ƙaramar salula ce.

Saboda haka shawarar farko ga sabon shiga ita ce ya bar na'urar a aljihu idan ya iso. Ya saurari waƙa ɗaya, ko biyu, hannunsa ba komai. Ya lura inda amshi ke dawowa. Ya lura wane ne ke motsi, wane ne ke tsaye. Kiɗanmu mai maimaici ne, abin da ya wuce zai sake dawowa. Wannan babbar kyauta ce ga mai hoto.

A wurin Gerewol maganar ta fi ƙarfi. Can babu lasifika, babu dandamali. Murya ce, da tafi, da ƙarar ƙarafan da ke ɗaure a ƙafa. A rawar Yaake samari kan jeru kafaɗa da kafaɗa. Su yi ɗage a kan yatsun ƙafa, su buɗe ido, su nuna farin haƙori, jerin na matsowa gaba a hankali. Kowane baƙo wannan jerin yake ɗauka, kuma ya cancanci ɗauka. Amma ɗan gida ya san bikin ya fara tun da hantsi, a gindin itace. Ga saurayi zaune a kan tabarma, ɗan madubi a tafin hannunsa. Ya shafe fuska da hoda, yana jan layi ɗaya siriri daga goshi zuwa kan hanci, har haɓa. Hannunsa ba ya rawa. Ɗan'uwansa na gyara masa rawani. Butar shayi na kan gawayi. Sa'o'i yake yi a haka, kuma a zaune yake, cikin inuwa mai laushi. Babu hoton da ya fi wannan sauƙin ɗauka, in an nemi izini. Sau da yawa ma ya fi na cikin fili faɗin gaskiyar bikin.

Mu ƙara da cewa kada a manta da masu kallo. Tsohuwar da ke guɗa. Yaron da ya hau kafaɗar yayansa. Mai liƙi da ya ɗora takardar jaka a goshin mawaƙi. Rabin kiɗa a fuskar masu sauraronsa yake.

Jama'a masu sauraro, mun yi maganar kunne. Yanzu mu juya ga haske, domin hoto haske ne.

Ranar ƙasar nan ba ta da wasa. Da rana tsaka takan sauko daga bisa kai tsaye. Malafa ta jefa inuwa a kan ido. Rawani ya rufe goshi, amawali ya rufe baki, ɗan abin da ya rage na fuska ya yi baƙi ƙirin. Farar riga kuma ta yi ta ƙyalli har aikin da ke wuyanta ya ɓace. Wannan lokacin na shiga inuwa ne, a ɗauki masu shiri da masu hutawa. Hasken da mai hoto ke jira yana zuwa da sassafe, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. A lokacin rana ta kwanta, haskenta na shigowa ta gefe, ya yi ja-ja, ya fito da kyan fata da ƙyallin turkuɗi. Amma gajere ne. A nan rana ba ta jan ƙafa wajen faɗuwa. Wanda ya tsaya neman wuri a lokacin, ya makara.

Don haka tun da sauran rana mai hoto ya zaga filin. Ya duba ina rana za ta faɗi, ina makaɗa za su fuskanta. Ya zaɓi wurin da ranar za ta kasance a bayansa ko a gefen kafaɗarsa, haskenta na sauka a fuskar mawaƙi. Wannan ita ce ƙa'idar sabon shiga. Idan hannu ya faɗa, akwai wata dabara. A juya a fuskanci ranar, daidai lokacin da ƙafafun masu rawa suka tayar da ƙura. Ƙurar za ta kama wuta kamar zinariya, mutanen su fito baƙaƙe a cikinta, gashin jimina ya yi haske a gefe-gefe. Ƙurar da kowa ke kuka da ita, ga mai hoto ado ce.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman: baƙar fata cikin farar riga. Na'ura kan ruɗe. Idan ta bi rigar, fuska ta yi duhu. Maganin a salula mai sauƙi ne. A taɓa fuskar mutumin a kan gilashi kafin a danna. Wata 'yar alamar rana za ta fito. A ja ta sama ko ƙasa har fuskar ta fito yadda ido ke ganinta. Kamfanin da ke ƙera Tecno da Itel da Infinix ya yi suna a Afirka har da dalilin gyara kamararsa domin baƙar fata. Duk da haka, yatsan mai hoto ne ke gaya wa na'ura wace fuska ake so.

To, ga mu a kan maganar da samari suka fi so, wato kayan aiki.

Mu fara da salula, domin ita ce a hannun kowa. Abu na farko, a goge idon kamarar. Salula na kwana a aljihu, tana shan gumi da maiƙon tsire. Yawancin hotunan da ke fita kamar an ɗauke su cikin hazo, datti ne kawai a kan gilashi. Gefen riga mai laushi ya isa. Abu na biyu, a daina jawo hoto da yatsu biyu. A yawancin ƙananan salula, wannan jawowar yanke hoton kawai take yi ta kumbura shi, shi ya sa yake fashewa. Ƙafa ita ce maganin nisa. A matsa kusa. Idan ba hali, a ɗauki filin gaba ɗaya, a bar shi ya zama hoton taro. Sannan a riƙe salular da hannu biyu, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari. In akwai itace ko jikin mota, a jingina. Akwai kuma ɗauka a jere, inda na'ura ke sakin hotuna da yawa cikin daƙiƙa guda. Ga mai rawa da ɗan kokawa tana da amfani ƙwarai, a zaɓi ɗaya a goge saura.

Wanda Allah ya hore wa ya tashi sayen kamara, ga shawara. Ba sai sabuwa ba. Tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu, irin wadda ake samu a Maraɗi ko Kano, za ta yi aiki shekara da shekaru. A gwada ta a gaban mai sayarwa. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama, a duba ko akwai ɗigo-ɗigon datti. A tabbatar batirinta na riƙe caji, kuma ana samun irinsa. In kuɗi ya rage, a sa shi a gilashi, wato idon kamara, kada a sa shi a babbar jaka mai ado. Gilashin da ke zuwa tare da kamara, wanda aka rubuta wa 18-55, yana da kyau da rana, amma da magariba ta yi sai ya gaza. Akwai wani ƙarami, mai lamba 50, wanda ƙofarsa ke buɗewa zuwa 1.8. Yana cikin masu araha. Hasken da yake sha ya kai kusan ninki goma na wancan idan an jawo shi ƙarshe. Ba ya jawo nesa, sai mai shi ya taka da ƙafa. Ga mai koyo wannan ma alheri ne, domin yana koya masa tsayuwa.

Abubuwa uku ke juya kowace kamara, kuma ido ne misalinsu. Akwai faɗin ƙofar haske, kamar yadda ƙwayar ido ke buɗewa cikin duhu. Akwai saurin ƙiftawa. Akwai kuma ƙarfin jin haske, wanda aka rubuta wa ISO. A wurin kiɗa, ƙiftawa ce sarauniya. Idan ta yi jinkiri, hannun makaɗi ya zama hayaƙi. Ga mawaƙin da ke tsaye, kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ya wadatar. Ga mai rawa, a kai kashi ɗaya cikin 500. Idan haske ya ragu, a buɗe ƙofar gaba ɗaya, a ɗaga ISO. Hoton zai yi yashi-yashi, ba komai. Hoto mai yashi wanda fuska ta fito ya fi mai santsi wanda fuska ta narke.

Maƙiyin kamara a ƙasar nan ƙura ce. Kada a kwance gilashi a tsakiyar fili, musamman da hunturu. Ƙura ɗaya idan ta shiga ciki, tana iya bayyana a hotuna har ranar da aka wanke. A zaɓi gilashi ɗaya tun daga gida, a zauna a kansa. Idan ba a ɗauka, a rufe kamarar da gefen rawani ko a sa ta a leda cikin jaka. Idan yashi ya hau gilashi, a hure shi tukuna kafin a goge, don kada ya karce. Kada kuma a bar ta a rana, ko a cikin mota a rufe.

Sai caji. A rugar daji babu kuran, kuma biki kan kai kwanaki. A tafi da batir na biyu, da ma'ajiyar caji a cike, ko ɗan faifan sola. Inda babu rezo, salula kan ƙone cajinta wajen neman layi. A sa ta a yanayin jirgin sama, kamararta na aiki a haka. Memori kuma a saya a wurin amintacce. Jabu sun yi yawa a kasuwa. Akwai wanda za a rubuta masa babban ciki, a yi ta zuba hotuna, ranar buɗewa a tarar babu komai. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗaya na nan.

Masu sauraro, yanzu dare ya yi a filinmu. Nan ne sabon shiga ya fi shan kaye.

Da duhu ya shiga, hannu kan tafi wurin filasha. A yi hattara. Hasken filashar salula taku biyu zuwa uku yake kaiwa. Kuma haske na raguwa da sauri: idan nisa ya ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Wanda ke bayan taro ya kunna filasha, ƙeyar na gabansa zai haska, mawaƙi na can cikin duhu. Ga kuma ƙura. Filasha na kama ƙurar da ke yawo a gaban gilashi, hoton ya cika da fararen ƙwallaye. Ban da haka tana kashe wa makaɗi ido. A kashe ta. A nemi hasken da ke wurin. In an kunna injin wuta an rataya ƙwai, a lura da inda haskensa ke sauka, a jira mawaƙi ya shigo ciki. In fitilu masu launi ne, irin na manyan wasanni a Maraɗi ko Yamai, a jira fari ko ruwan ɗorawa. Ja yakan cinye fuska. In wutar itace ce a daji, a durƙusa kusa, a ɗauki waɗanda ke zaune. Tsarin dare da ke cikin salula yana buƙatar kowa ya tsaya cak na 'yan daƙiƙu. Yana yi wa dattijon da ke zaune kyau, ba ya yi wa mai rawa. Kuma kada a tsaya a bakin lasifika saboda neman kusanci. Kunnen da muka ce shi ne jarin mai hoto, a kiyaye shi.

Daga nan sai mu zo ga abin da ya fi kowace na'ura nauyi, wato ladabi.

Fili na da masu shi. Kafin a ɗaga kamara, a nemi shugaban taro, ko arɗo, ko uban biki. A durƙusa a gaisa. "Baba, ina wuni? Ina son in ɗauki hotuna, in an yarda." Kalma ce ƙarama, amma tana buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. In mace ce, a tambaye ta ita kanta: "Inna, in ɗauka?" In ta kau da kai, ta ba da amsa, a wuce. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda addini, akwai saboda kunya, kuma kowa na da haƙƙinsa. Matan aure da 'yan mata, kada a watsa hotonsu a Facebook ko TikTok ba da saninsu ba. Hoto ɗaya na iya tayar da fitinar da mai ɗaukarsa bai taɓa zato ba. Jami'an tsaro da motocinsu kuwa, a kau da kamara daga kansu gaba ɗaya.

Kada a ratsa tsakanin masu rawa da masu kallo. A wurin Gerewol, lokacin da 'yan matan da aka zaɓa ke takowa a hankali domin nuna gwaninsu, filin nasu ne. Mai hoton da ya faɗa tsakiya ya ɓata abin da mutane suka yi shekara suna jira. A durƙusa a gefe. Durƙuson ma riba ne, domin hoton da aka ɗauka daga ƙasa yakan ƙara wa mai rawa tsawo da kwarjini, kuma bayansa sararin sama ne, ba tarkacen motoci ba. Idan an gama, a juya gilashin a nuna wa mutum hotonsa. A ce na gode, in Bafulatani ne a ce mi yetti. In an yi alkawarin aiko masa, a cika.

Wannan ya kawo mu ga wani mutum da ya kamata kowane mai koyon hoto a Sahel ya san sunansa: Malick Sidibé na ƙasar Mali. Ɗan ƙauyen Soloba ne, daga gidan Fulani, kuma ya yi kiwo yana yaro. Tun yana ƙarami ya rasa ganin ido ɗaya. Kamararsa ta farko ƙaramar Brownie ce, wadda kowace salula ta yau ta fi ta kayan aiki. Da ita ya shiga bin wuraren rawar samarin Bamako, a shekarun samun 'yancin kai. Yakan zaga taro da yawa a dare ɗaya. Samarin sun san shi, sun yarda da shi, shi ya sa suke sakin jiki a gabansa. Idan ya koma, sai ya wanke hotunan, ya manna ƙananansu a kan takarda mai kauri, ya rubuta sunan taron da kwanan wata. Masu rawa su zo shagonsa su zaɓi nasu. A shekarar 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya ta birnin Benis a Italiya, domin aikin rayuwarsa. Shi ne mai hoto na farko da ya same ta. Ya rasu a 2016. A nan gida ma, Philippe Koudjina ya yi irin wannan aiki a Yamai, yana bin wuraren kiɗa da rawa na dare tun shekarun 1960, kuma hotunansa sun zama shaidar yadda birnin yake a wancan zamani.

A lura da abin da Malick ya yi bayan ɗauka. Ya rubuta suna, ya rubuta rana, ya adana. Nan ne mu muke da rauni. Hotunanmu na zaune a salula ɗaya. Ranar da ta faɗa rijiya ko aka sace ta, shekaru sun tafi. Wanda aka tura ta WhatsApp kuma an matse shi, ƙarfinsa ya ragu, sai dai in an tura shi a matsayin takarda. Saboda haka bayan kowane biki mai hoto ya zauna. Ya zaɓi goma mafi kyau cikin ɗari. Ya kwafe su wuri biyu. Ya sami littafi ya rubuta: wane gari, wace shekara, wane makaɗi, wace zuriya ce ta yi rawar. Biyu ko uku ya kai a wanke a kan takarda. A tuna, an fara gasar takobin kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Duk gidan da ke da hoto guda na makaɗan da suka raka 'yan kokawar wancan lokaci, yana riƙe da dukiya. Makaɗan da ke kiɗa a Dakoro yau, su ma wata rana haka za a nemi hotonsu. Tsofaffin masu goge da gurmi suna ƙarewa, kuma ba kowane ne ya bar magaji ba.

To, jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Samari da 'yan matan Dakoro, da na Kornaka, da na Bermo, idan taro na gaba ya zo, ku je da wuri. Ku gaida masu fili. Ku saurari waƙa ɗaya kafin ku taɓa aljihu. Ku duba inda rana za ta faɗi, ku goge gilashi, ku matsa kusa. Iyaye kuma, in yaro ya nuna muku hoton da ya ɗauka, ku gaya masa sunan makaɗin da sunan ubansa, ya rubuta. Wanda ke da tsohon hoton biki a ƙasan akwati, ya fito da shi ya nuna wa jikoki tun yana iya faɗin waɗanda ke ciki. Allah ya kai mu bikin lafiya, ya maido da matafiya gida lafiya.